Oga ya ce ina "going through the motions", zagi ne ko me?

"Assalamu alaikum Malam. Dan Allah ina neman ƙarin haske. Shekara 4 kenan ina aiki a wani kamfani, ogana Bature ne ɗan Ingila. A takardar auna ƙwazo ta ƙarshen shekara ya rubuta min cewa: Your work is accurate and on time, but lately you seem to be just going through the motions. Farkon na gane yabo ne, ƙarshen ne ya ɗaure min kai. Na sa a manhajar fassara ta ce min wai kana tafiya ta cikin motsi. Wani abokina ya ce ai malalaci yake ce min, wani kuma ya ce a'a, cewa yake ina cikin damuwa. Wanne ne gaskiya? Kuma ya ake amfani da maganar, dan kar in tashi ba shi amsa in yi kwaɓa."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka, abu uku kake son sani, me maganar take nufi, shin suka ce ko tausayawa, sannan ya za ka mayar da amsa. Toh bari in fara kwantar maka da hankali, ogan naka bai ce maka malalaci ba. Da lalaci yake nufi ai Turanci ba ya rasa kalmar, kuma ba zai fara da cewa aikinka daidai yake yana zuwa kan lokaci ba, malalaci ba ya kawo aiki kan lokaci. Abin da ya ce shi ne kana yin komai yadda aka tsara, ba ka tsallake ko mataki ɗaya, amma shi a ganinsa zuciyarka ba ta cikin aikin. Gangar jiki na ofis, rai na wani wuri. Abokanka biyun kowa ya taɓo wani gefe, na farko ya wuce gona da iri, na biyun kuma ya fi kusa da gaskiya duk da ina zargin ta wata hanyar ya faɗo kanta, zan zo wurin.

Na koyar da Turanci a sakandare shekaru masu ɗan dama kafin in koma aikin fassara, kuma wannan maganar tana cikin waɗanda suka fi wahalar da ɗalibaina, ba dan kalmominta na da wuya ba, kowa ya san go, kowa ya san through, motion ma ana jin ta tun a darasin kimiyya. Matsalar ita ce in ka haɗa ma'anonin ɗaya bayan ɗaya ba za su kai ka ko'ina ba, shi yasa manhajar ta ba ka "tafiya ta cikin motsi", wanda a kunnen Bahaushe ma ya fi kama da ana cewa mutum ya samu taɓuwa, tunda mu in aka ce wane yana da motsi kowa ya san inda aka dosa.

Abin da maganar take ɗauke da shi

Motions ɗin nan ba motsi kawai ba ne, matakan da ake bi ne wajen yin wani abu, motsin jiki da aka saba yi a jere, wannan na bin wancan. Go through kuma a nan yana nufin bi daga farko har ƙarshe. Kaga kenan hoton shi ne mutum ya bi duk matakan aiki tsaf, ya ɗaga hannu inda ake ɗagawa, ya sa hannu inda ake sawa, amma abin da aka ƙirƙiri matakan dominsa babu shi a ciki.

Misalin da nake ba ɗalibai kullum shi ne mai gadin ƙofar ma'aikata. Ka zo da mota, ya tsayar da kai, ya ce a buɗe but, ka buɗe, ya leƙa na daƙiƙa ɗaya idonsa ma na kan wayarsa, ya buga murfin ya ce a wuce. Ya tsayar da kai? Ya tsayar. Ya sa ka buɗe? Ya sa. Ya leƙa? Ya leƙa. In ogansa na kallo ta kyamara ba abin da zai kama shi da shi. Amma ya yi bincike? Bai yi ba, ko buhun me ka ɗauko zai wuce. To wannan mai gadin shi ne Bature zai nuna ya ce he is just going through the motions. Ka lura da kyau, mai gadin da ya bar ƙofa ya je ya kwanta ƙarƙashin bishiya ba a faɗa masa wannan maganar, shi laifinsa daban ne. Sai wanda yake tsaye bakin aikinsa yana yi ake faɗa wa.

Maganar tsohuwa ce, ta haura shekara 200 a rubuce. A littafin Old Mortality na Walter Scott, marubucin Sikotilan, wanda ya fito a 1816, akwai wurin da wata budurwa ta rufe fuska da hankici tana shessheƙa, sai marubucin ya ce ko dai kukan gaske take yi, ko kuma ta iya bin motions ɗin kukan ne da kyau, yadda wani soja a cikin labarin zai faɗa. Wannan jingina maganar ga bakin soja da ya yi ba a banza ba ne. A zamanin bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, littattafan horar da soja sun rarraba ɗurin zuwa matakai da ake ƙirgawa, kowane mataki sunansa motion, kuma a filin fareti kurtu zai yi ta maimaita su ba harsashi ba albarushi har sai hannunsa ya haddace. Duk wanda ya taɓa ganin maharbi na ɗura bindigar toka zai gane abin da nake nufi, a zuba albarushi, a tura, a danna, sannan a saita. Ka cire albarushin ka bar sauran, motsi ya cika amma ba abin da zai tashi. In ka riƙe wannan hoton ba za ka sake manta ma'anar ba.

Fuska biyu gare ta, kuma nan ne amsarka take

Abin da ƙamus da yawa ba sa tsayawa su bayyana sosai, kuma ni a wurina shi ne ƙashin bayan maganar, shi ne cewa ita kanta ba ta faɗin dalili. Tana siffanta abin da ake gani ne kawai, aiki na tafiya rai ba ya ciki. Me ya fitar da ran? Wannan sai mai magana da yanayin da aka yi ta su nuna.

Wani lokaci zargi ce zalla. In aka ce kwamitin ɗaukar ma'aikata went through the motions of interviewing the candidates, ana nufin an riga an san wanda za a ba tun kafin a buga talla, ganawar da aka yi da sauran mutane dan a cika sharaɗi ne kawai. Nan kam akwai ha'inci, irin abin da muke kira jeka-na-yi-ka. Haka 'yan jaridar wasanni in ƙungiya ta riga ta san ta faɗa rukunin ƙasa, wasannin ƙarshen kaka sai ka ga 'yan wasa na zagaye a fili ba mai neman ƙwallo da gaske, sai a rubuta they were going through the motions, wato sun zama 'yan rakiya.

Amma wani lokacin ba zargi a cikinta ko kaɗan, tausayi ne. Turawa suna yawan faɗinta game da kansu bayan rashi ko mutuwar aure ko doguwar jinya. Mace za ta ce after my husband died I was just going through the motions, tana nufin tana tashi da safe, ta shirya yara, ta dafa abinci, ta je aiki ta dawo, duk tana yi amma kamar ba ita ba. Ba wanda zai ji wannan ya ce mata malalaciya. Ni kaina sai da na shiga halin na san nauyin maganar. Zangon karatun da mahaifina ya rasu, Allah ya jiƙansa, ban yi fashin aji ko ɗaya ba bayan kwanakin zaman makoki, na rubuta tsarin darasi, na shiga aji, na ba da jinga na duba na mayar. Amma in ka tambaye ni me na koyar a watannin nan wallahi ba zan iya kawo maka darasi ɗaya ba. Wata ɗaliba ce ta tsaya bayan an tashi ta ce Malam yanzu ba ka tambayarmu ko mun gane. Gaskiya ta faɗa, da kullum sai na tambaya, na daina ban ma san na daina ba. Tun daga lokacin in na ji an faɗi maganar nan a kan wani, kafin in ɗauka zargi ne sai na fara tambayar me ya same shi.

Abokinka na biyu da ya ce damuwa ake nufi, ina kyautata zaton kunnensa ne ya ji emotions maimakon motions, dan in Bature ya faɗi the motions da sauri kusan ɗaya suke fita da the emotions, kuma going through a lot of emotions magana ce da ake yi, tana nufin mutum na fama da abubuwa iri-iri a ransa. Kalmomi biyu ne daban, kuma kusan kishiyoyi ne a nan, ɗaya zuciya ta cika ta tumbatsa, ɗaya kuma zuciyar ce ba ta wurin. Sai dai duk da haka ya faɗo kusa da gaskiya, saboda sau da yawa damuwar ce take jefa mutum cikin wancan halin.

Yanzu mu koma kan jimlar ogan naka mu tsinke ta. Ya ce lately, wato kwanan nan, ma'ana da ba haka ya san ka ba, yana gwada kai na yau da kai na baya ne, wannan kansa shaida ce cewa ya taɓa ganin ƙwazonka. Ya ce you seem to be, wato kamar dai, bai yanke hukunci ba, ya bar maka ƙofa. Sai just, wadda kusan kullum tana rakiyar maganar, ita ce "kawai" ɗinmu. Amma fa kar wannan laushin ya ruɗe ka. Mutanen Ingila, musamman a rubutun ofis, sun saba rage wa magana kaifi, abin da wani zai faɗa da faɗa su sai su naɗe shi cikin seem da perhaps da a little. Na fassara takardun ofis da yawa irin wannan, kuma abin da na koya shi ne in ɗan Ingila ya kai ga rubuta abu a takardar da za ta shiga fayil ɗinka, to ya daɗe yana lura, kuma abin ya dame shi fiye da yadda kalmomin suka nuna. Dan haka ba zagi ba ne, ba kuma takardar kora ba ce, amma jan kunne ne na gaske da ke jiran amsa.

Yadda ake sarrafa ta

Wannan ɓangaren ba shi da wahala. Go ɗin ne kawai yake canzawa, go, goes, went, going, has gone, sauran ba a taɓa su. Motions kullum jam'i ne kuma kullum da the a gabansa. Kuskuren da na fi gani a rubutun mutanenmu shi ne going through the motion ba s, ko going through motions ba the, ko a sa pass a madadin go. Duk za a gane ka amma kunnen mai harshen zai ji wani iri. In kana so ka faɗi aikin da ake yi ɗin sai ka ƙara of da aikatau mai ing, kamar he went through the motions of apologising, wato ya ba da haƙurin fatar baki. Kuma kar ka haɗa ta da motion na majalisa ko na kotu, wanda ɗan majalisa ke gabatarwa a ce ya kawo ƙudiri, wannan wata ma'ana ce daban duk da kalmar ɗaya ce. Tana shiga ko'ina, hira, jarida, takardar ofis, ba ta da batsa ba ta da raini a lafazinta. Sai dai in ka faɗe ta a kan mutum a gabansa ka san ka taɓa shi, dan haka ba maganar da za ka yaɓa wa na gaba da kai ba ce.

'Yan'uwanta da ake rikita su da ita

Turanci na da tarin maganganu a wannan fagen kuma ba ɗaya suke ba. Wadda ta fi kusa ita ce half-hearted, a zahiri mai rabin zuciya. Bambancinsu shi ne half-hearted ana ganin raunin a jikin aikin, mutum ya yi yunƙuri mara ƙarfi, ya ɗan taɓa ya bari. Going through the motions kuwa aikin na iya fita cif ba aibu, kamar dai naka da aka ce accurate and on time. Wani abu da ya daɗe yana burge ni a nan, Bature raba zuciyar yake gida biyu ya ce da rabi aka yi, mu kuma ninka ta muke, mu ce wane ya yi abu da zuciya biyu, wanda ya yi da gaske kuma mu ce da zuciya ɗaya ya yi. Shi yasa in na ga an fassara half-hearted da "rabin zuciya" nake gyarawa, ba haka muke faɗa ba. Ko zuciya biyun ma ba ta zauna daram a kanta ba, dan tamu ta fi karkata ga shakka ko rashin tsarkin niyya, tasu kuma rashin kuzari.

Sai phone it in, wadda Amurkawa suka fi amfani da ita, kuma ita ce ta fi zafi. Hotonta mutum ne da bai ma ga aikin ya kai ya taso ya zo da kansa ba, sai ya bugo waya ya sauke. An fi faɗinta a kan wanda aka san ya iya, babban ɗan wasan fim ko mawaƙi ko marubuci da ya karɓi kuɗi ya yi abin da bai kai rabin iyawarsa ba, sai masu sharhi su ce he phoned it in. Masu sharhin wasanni a can kuma sukan ce mail it in, ma'anar ɗaya ce. Wannan ba ta da fuskar tausayi, zargi ce kai tsaye, da ita ogan ya rubuta maka da amsata ta canza. Kuma ba ruwanta da phone-in na gidan rediyo, shirin da masu sauraro ke bugo waya.

Pay lip service ita kuma ta baki ce ba ta aiki ba, a ce ana goyon bayan abu amma ba a taɓuka komai, daidai da fatar bakinmu. Tushenta na komawa ga Littafi Mai Tsarki, Ishaya 29:13 da Matiyu 15:8, inda ake maganar mutanen da ke girmamawa da leɓe zuciyarsu na nesa. Daga can ɗin dai aka samo eye service da muke ji kullum a ofisoshin Najeriya, tana cikin fassarar King James ta 1611, a Afisawa 6:6 da Kolosiyawa 3:22. A Ingila da Amurka yau da wuya ka ji ta a bakin mutane, a nan ne ta samu gida ta zauna, dan haka in ka faɗa wa ogan naka ita zai iya tsayawa ya ɗan yi tunani. Ita ce aikin ganin ido sak, kuma ta bambanta da tamu ta yau, mai aikin ganin ido ƙwazo yake ƙarawa in oga na wurin, mai going through the motions kuwa ko oga na nan ko ba ya nan tafiyarsa ɗaya ce.

Sauran ba sai na daɗe a kansu ba. Drag your feet jan ƙafa ne, jinkiri da gangan. Cut corners tsallake matakai ne dan a rage kuɗi ko lokaci, kusan kishiyar going through the motions tunda ita ba a tsallake komai. Half-baked ta shawara ce ko tsari da bai nuna ba aka sauke. Akwai kuma wata mai farawa da half ɗin da za ka ji a finafinan Amurka, half-assed, ma'anarta aikin sakaci, amma kalmar kasuwa ce mai ɗan ƙazanta, kar ka kuskura ta shiga imel ɗin ofis. A 2022 kuma quiet quitting ta yi tashe ta hanyar TikTok, wato ma'aikaci ya tsaya iya abin da aka ɗauke shi ya yi ba ƙari, ita wannan mutum ne ya zaɓa da saninsa.

To da Hausa me za mu ce?

Ba mu da magana ɗaya tilo da za ta rufe ta ko'ina, kuma ni ban ɗauki wannan a matsayin gibi a Hausa ba, mu dalilin muke fitarwa fili inda Turancin ya ɓoye shi. In ina fassara sai na fara tambayar kaina me ya sa mutumin yake haka. In dan ya fita haƙƙi ne sai in ce yana yi ne dan kar a ce bai yi ba, ko cika umarni kawai yake. In yaudara ce aka shirya sai in ce jeka-na-yi-ka. In gaggawa ce da rashin kula sai in ce sama-sama yake yi, a yi dai a wuce wurin. In kuma mai baƙin ciki ne sai in ce yana yi ne kawai amma hankalinsa ba ya jikinsa. Jimlar oganka da ni aka ba, ga yadda zan mayar da ita: aikinka ba kuskure kuma kana kawowa kan lokaci, sai dai kwanan nan kamar kana yi ne kawai dan ka sauke nauyi, ranka ba ya ciki.

Wurin da na ga ɗalibai sun fi saurin cafke ma'anar shi ne in na kawo musu misalin salla. Kowa ya san bambancin wanda ya yi tsayuwa da ruku'u da sujada cikin natsuwa da wanda malamai ke ce wa yana ƙoton kurciya, ya idar bai san surar da ya karanta ba. Raka'a ta cika, khushu'i babu. Alƙur'ani ma a Suratun Nisa'i aya ta 142 ya siffanta masu tashi zuwa salla cikin kasala dan mutane su gani. Da na faɗi haka sai ka ga aji ya yi tsit an gyaɗa kai, dan abin ba baƙo ba ne a wurinmu, lafazin ne kawai baƙo.

Amsar da za ka ba shi

Shawarata kar ka mayar da dogon rubutu na kare kai. Kuskuren da mutane ke yi shi ne su jero hujjoji, ban taɓa makara ba, ban taɓa kuskuren lissafi ba, duk rahotannina na kawo. Ai shi ma ya riga ya yarda da wannan a farkon jimlarsa, in ka maimaita masa sai ya ga ba ka gane inda ya dosa ba. Abin da yake nema shi ne abin da ba ya shiga rajista, tambayar da kake yi a mitin a da, shawarar da kake kawowa ba a tambaye ka ba, lura da matsala kafin ta girma. Ka nemi ya ba ka minti goma ku zauna, ka ce masa wani abu kamar: Thank you for the feedback. Could you give me an example of where you noticed this, so that I can work on it? Wannan tambayar ba ta nuna ka amsa laifi, ba ta kuma nuna ka yi musu, kuma za ta sa ya fito da abin da ya gani a fili maimakon ka kwana kana hasashe.

Kafin ka shiga wurinsa kuma ka zauna kai kaɗai ka tambayi kanka ko akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Shekara 4 a kujera ɗaya ana aiki iri ɗaya na iya sa hannu ya haddace kai ya tafi hutu, wannan ba abin kunya ba ne, in shi ne sai ka ce masa I think I need a new challenge, Turawa na jin wannan da kyau, yana nufin kana son a ƙara maka wani nauyi sabo. In albashi ne ya daina kaiwa ƙarshen wata ko an yi ƙarin girma an tsallake ka, wannan ma magana ce da ake yi a zaune cikin ladabi. In kuma wani abu ne a gida, rashin lafiya ko rashi ko bashi, ba dole ka zazzage masa cikinka ba, I have been dealing with some personal matters ta wadatar, ba zai matsa ba. Akwai kuma yiwuwar shi ne ya karanta ka ba daidai ba, dan mu an tarbiyyantar da mu kan kawaici da rashin katse babba, mutum ya yi shiru a mitin dan girmamawa, Bature kuma ya ɗauki shirun a matsayin ba ka damu ba. Na ga wannan ya faru ba sau ɗaya ba. In haka ne gyaran mai sauƙi ne, ka riƙa buɗe baki kana faɗin abin da ke ranka game da aikin.

Ni dai jimla ɗaya ka turo min, ban ga sauran takardar ba kuma ban san irin zaman da kuke yi da shi ba, dan haka abin da na faɗa kan niyyarsa karatun lafazi ne da sanin yadda suke rubutu, kai da kake ganin fuskarsa kullum ka fi ni sanin sauran. Sannan fannina harshe ne ba lafiya ba. Na faɗi haka ne saboda Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta bayyana matsananciyar gajiyar aiki da Turawa ke kira burnout cikin kundinta a matsayin matsalar da ke tasowa daga wurin aiki, kuma alamomin da ta lissafa sun haɗa da ƙarewar kuzari, jin ka yi nisa da aikinka a zuci, da raguwar ƙwazo. In ka duba ka ga ba a ofis kaɗai abin yake ba, a gida ma haka kake, abinci ba daɗi, barci ba ya zuwa, hira da iyali ta zama dole, kuma an ɗauki makonni a haka, dan Allah ka je ka ga likita, kar ka tsaya a kan amsata. In kuma a ofis ne kawai, je ka same shi cikin satin nan tun takardar ba ta huce ba, ka yi masa waccan tambayar, in ya ba ka misalin ka dawo min da kalmomin da ya yi amfani da su mu duba tare.